Ƙaramar Jif Ta Shigo Layinmu

A unguwarmu ba a sayen mota a ɓoye. Kafin mai ita ya kashe inji yara sun kewaye ta, kafin la'asar labari ya kai majalisar bakin masallaci. In kuwa aka ce "ai jif ce," to ranar an ɗage hirar siyasa. Dattawa su taso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa ta: "Alhaji, Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya." A raba goro, a ba yara sadaka, mai wankin mota na bakin titi ya san ya yi sabon abokin ciniki. Ina ƙaunar wannan ɗabi'a tamu, domin murnar da ake taya mutum ta gaskiya ce. Shi ya sa nake jin ciwo in bayan shekara na ga motar nan a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace, akuyoyi na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Abin da ake yayi yanzu shi ne ƙananan jif na manyan kamfanoni: Mercedes GLK 350, BMW X3, Audi Q5, Range Rover Evoque, da Lexus NX, ƙanwar RX da muka daɗe da sani. A layinmu GLK ce ta fi yawa, mai kusurwoyi da faffaɗan goshi. Masu cewa neman suna kawai ke sa mu sayenta ba su yi mana adalci ba. Duk wanda ya taɓa shiga layinmu da ƙaramar mota a watan Agusta, ya ji cikinta ya daki dutse a bakin kwata, ya san amfanin mota mai tudu. Ga sanyin esi a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga wurin zama da zai ɗauki uwargida da yara da buhun shinkafa a but in za a je gida da Sallah. Mutum ya yi shekaru yana tari, ya so ya huta. Ba laifi a ciki.

Matsalarmu tana farawa ne daga kalmar "sabuwa ce." Har yanzu Beljiyam muke ce wa duk motar da ba a hau ta a nan ba, alhali yawancin waɗannan daga Amurka da Kanada suke tasowa. Kamfanin Mercedes ya fara ƙera GLK a Bremen ta ƙasar Jamus a 2008, ya daina a 2015, GLC ta gaje ta. Ke nan mafi ƙuruciyar GLK da za ka gani a filin dillalai ta kai shekara goma a duniya. Sannan wadda ta taso daga Amurka malejinta na mil ne. Mu kuwa sai mu leƙa mu ga 120,000, mu gyaɗa kai mu ce ba ta sha wuya ba, ba ma lissafa cewa wannan ya haura kilomita 190,000. Wannan ma in ba a mayar da malejin baya ba, abin da kowa ya san ana yi.

Sai kuma cinikin biri a sama. Ɗan'uwa ya turo hotuna ta WhatsApp, mota tana sheƙi a wani fili, a ce a tura kafin alƙalami kafin wani ya riga. Da yawa daga cikin motocin nan daga gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA ake sayo su, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci, waɗanda gyaransu a can ya fi ƙarfin darajarsu. Guguwar Harvey kaɗai, da ta afka wa birnin Houston a watan Agustan 2017, ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa, kuma ba duka aka murƙushe ba. Motar da ta yi haɗari ba haram ba ce. Akwai wadda bamba da fitila kawai ta rasa, aka gyara ta tsaf, mai ita ya more ta shekaru. Abin da nake ƙi shi ne a sayar maka da ita a farashin lafiyayya, ana rantsuwa: "Yallaɓai, wata tsohuwa ce ta hau ta a can, daga gida sai kanti. Fentin kamfani ne. Mai kawai za ka zuba."

Mu kuma me muke dubawa? Mu danna oda, mu kunna rediyo, mu sa tafin hannu a bakin esi, mu ɗan shuri taya da ƙafa, mu tambayi Hajiya ko launin ya yi mata. Shi ke nan, sai a shiga maganar la'ada. Alhali a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba akwai lambar shasi mai harufa da lambobi 17, wadda da kuɗi kaɗan duk yaron da ya iya waya zai binciko maka tarihinta a Carfax: hannu nawa ta bi, malejin da aka rubuta mata na ƙarshe, da ko inshora ta taɓa yafe ta. Sau da yawa har hotunanta na ranar gwanjo suna nan a intanet.

Akwai wani maƙwabcinmu, tsohon direban tanka, da yanzu kowa ke roƙo ya raka shi sayen mota. Na taɓa bin shi. Bai kalli fenti ba sam. Ya tura kujerar gaba baya, ya haska fitilar waya a kan ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, yana neman tsatsa. Ya zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba ko akwai zanen ruwa. Ya ɗaga kafet ɗin but, ya sa yatsa a ramin safaya ya murza, ya shinshina. Sannan ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba, ya tsaya yana ƙirga fitilun da suka kama a gaban sitiyari. Yaron dillali ya ce, "Baba, ai ba wata fitila da ke kamawa, lafiyarta ƙalau." Ya ce, "Yaro, abin da ya dame ni ke nan. Ta jakar iska dole ta kama yanzu, in inji ya tashi ta mutu. Wannan ba ta kama ba ko kaɗan, an kashe ta ne daga ciki." Muka bar motar a nan. Tsohon direban ya ce wadda ta tsallake wannan ma sai ta hau rami an duba cikinta, domin a jihohin sanyi na Amurka gishiri ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi ke cin ƙarfen ƙasa a ɓoye. Sai an jona mata kwamfuta, sai an ga makulli biyu, domin makullin Mercedes ba a yanka shi a bakin kasuwa. Takardun kwastan kuma a tabbatar da su kafin a biya: a watan Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma motar da ta bi ta daji daga Kwatano tana iya kwana a hannun jami'ai ranar da kake tsakiyar tafiya da iyali.

To, a ce an dace an samu ta kirki. Nan ne babban aikin yake, kuma nan ne ba ma zama mu yi lissafi. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa da dawa kullum su ne abin ji. Motar da aka sayar sama da dala dubu 30 tana sabuwa, farashinta ne ya faɗi da ta tsufa, kayan gyaranta ba su san ta tsufa ba. Injin GLK 350 mai fulogi shida ne, tankinta lita 66, kuma a cunkoson cikin gari da ƙyar lita ɗaya ke kai ta kilomita bakwai. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, ba wanda ya damu. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, zuwa ƙarshen 2024 ta taɓa naira dubu. A wannan farashin, cika tanki sau ɗaya ya kusa cinye mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Dala ma haka, daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wani abin gyara a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo ya bi ta sama.

Daga nan sai mu fara rage zafi ta inda bai kamata ba. Injin nan yana shan bakin mai sama da lita shida, inda Corolla ke tsayawa a wajen huɗu, kuma kamfani ya rubuta irin wanda yake so, mai lambar 229.5 a jikin galan. Mu sai mu ce a zuba mai kauri na 'yan tasi, ai duk bakin mai ne. Lagireto ya nemi ruwa, mu fasa ledar fiya wata mu ɗura, alhali ruwa mai launi da ake sayarwa shi ke hana cikin injin ruɓewa. Taya ɗaya ta fashe, mu je wurin mai faci ya lalubo mana wata ta gwanjo, ko da lambarta ta ɗan bambanta. Ita kuwa mai rubutun 4MATIC a baya duk ƙafafunta huɗu ke ja, in tayoyin ba su yi daidai ba giyabos ne ke shan wahalar a hankali, ranar da ya gaji kuma kuɗinsa ya fi na tayoyi huɗu nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi damuna shi ne maganar tamostat. Mota ta ɗan yi zafi, a kai gareji, Oga ya ce, "Alhaji, wannan abin na ƙasar sanyi ne. Mu cire shi mu jefar, mu haɗa fanka kai tsaye." Kowa a majalisa ya ce ƙwarai kuwa. Amma injin an yi shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. In bai kai ba, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa fetur. Sai mota ta ƙara shan mai, fulogi su yi baƙi, abin tace hayaƙin nan na cikin salansa da makanikai ke ce wa indomi ya toshe, shi ma a ce a fasa a zubar. Ainihin ciwon kuwa, wataƙila lagireto ne ƙurar hunturu ta toshe, yana nan ba a taɓa shi ba. Ba na zagin makanikanmu. Mutanen da suka riƙe Fijo 504 tana aiki shekara talatin ba za a ce ba su iya ba, kuma yanzu akwai matasa da suka koyi aikin kwamfuta sosai. Mu ne ba ma son biyan kuɗin dubawa. Mun fi son wanda zai kara kunne ya ce ya gano, mu sayi abu uku kafin a dace da na huɗu.

Akwai kuma kuɗin da ba ya cikin littafin kamfani. Jif in ta shigo layi ta zama ta kowa. Ita ce ta kai amarya, ita ce ta ɗauko Hajiya daga filin jirgi, ita ake ƙwanƙwasa wa ƙofa ƙarfe biyun dare in naƙuda ta tashi. Wannan alheri ne, kuma na ga masu yi da farin ciki. Sai dai ya kamata mu masu aro mu riƙa tunawa da tanki. Kana iya cewa, "Yaya, ga wannan a zuba mai," ko da zai ce ka bar shi. Mu daina ɗauka cewa duk wanda ya hau jif ya fi ƙarfin buƙata. Wani gonar gado ya sayar, wani kuɗin sallamarsa daga aiki ne gaba ɗaya ya zuba.

In riƙo ya gagara sai sayarwa, kuma a nan mukan yi wa na gaba abin da aka yi mana. A wanke inji ya yi fes don kada a ga yoyo, a sa yaro ya goge fitilun gargaɗi da kwamfuta da safe, a ce "ba ta taɓa ba ni matsala ba." Mun san hukuncin ɓoye aibi a ciniki, malamai sun faɗa mana tun muna yara, kuma wanda zai saya ɗin sau da yawa ɗan bayan layi ne da za mu ci gaba da haɗuwa da shi a sahu. Wani malamin makaranta a layinmu da ya zo sayar da tasa X3, littafi ya miƙa wa mai saye, an rubuta ranar kowane juyen bakin mai da kowane gyara. Ya ce, "Alhaji, shokazoban baya sun gaji, esi kuma yana rage sanyi in an daɗe a tsaye. Ka cire kuɗinsu a ciki." Mai sayen ya kira makanikensa ya duba, ya samu haka ɗin ne. Aka rage naira dubu ɗari da hamsin, aka yi sallama, kuma motar har yau tana zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya.