Fitilar Yaya

Da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a Akokan cikin Maris na 2021, Yaya ya tattara kuɗin sallamarsa ya sayi Hilux ta hannu, ya shiga jigilar kaya daga Arlit zuwa Tchibarakaten, sansanin masu haƙar zinariya da ke kusa da iyakar Aljeriya, inda jama'a ke tururuwa tun 2014. Ko ruwan sha a can sai mota ta kai. Hutun makaranta ya same ni ba abin yi, na ce zan raka shi in buɗe ido.

Duron ruwa ɗaya lita 200 yake ci, wato kilo 200 ke nan. Yaya ya ɗora biyar, ya bi su da buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, ya kuma zaunar da fasinjoji a bisa. Bayan mota ya durƙusa, hancinta ya ɗaga. Samarin birni kuɗi suke biya a sauke musu mota ƙasa don gayu. Tamu kyauta ta sauka, sai dai ta ɓangare guda.

Da rana lafiya lau. Magariba na yi Yaya ya kunna fitila, haske ya miƙe sama kamar mai neman jinjirin watan azumi. Duk direban da muka yi kiciɓis da shi sai ya dallare mu da tasa, ya miƙo mana daƙuwa ta taga.

Muna isa muka nemi makanike, wani yaro da bai ko tsiro gemu ba. Ya ce, "Maigida, a samo fili mai lebur da bango." Bango, a garin rumfuna da ramuka! Ƙarshe gefen wata tankar ruwa muka ara. Ya sa aka ja mota baya mita 10, ya auna tsayin fitila daga ƙasa, ya shata shi da gawayi jikin tankar, ya ce haske ya faɗi santimita 10 ƙasa da zanen. Kusa biyu ce bayan kowace fitila, ɗaya ta sama da ƙasa, ɗaya ta hagu da dama. Ya yi ta murɗa ta farkon har ta ƙure. Aiki ya yi kyau, ban rage masa komai ba. Sai dai a cikinmu babu wanda ya tuna duro biyar na nan bisa mota.

Washegari aka sauke kaya, mota ta miƙe tsaye. Da dare ya riske mu a hanyar komawa, fitila ta sunkuyar da kai, ba ta haska komai sai yashin da ke gaban taya.

Na ce, "Yaya, a warware kusar mana."

Ya ce, "Kusar da na biya kuɗi aka ɗaure? Jibi kuma in na yi lodi, kai za ka biya?"

Ya fito da ni daga gaba, ya haɗa ni da wasu ƙarti masu komawa gida da buhunan dutse, ya ce mu tare a ƙarshen bodi, kan ƙyauren baya. Haske ya ɗan ɗaga. Haka muka kwana cikin sanyin hamada, haƙora na kaɗawa, Yaya na leƙo kai ta taga yana ba da umarni.

"Malam, ku ja baya, ba na gani!"

Can an jima: "Ku matso gaba, mota na zuwa, kada ku kashe wa bawan Allah ido!"