Murhun Gashina Ya Yi Ƙafa

Shekara huɗu murhun gashina yana zaune a bayan ɗaki kamar surukin da ya zo jinya. Rabin ganga ce aka ɗora wa ragar ƙarfe, aka yi mata ƙafafu da rodi. Sai ƙarti uku ke ɗaga shi, shi ya sa duk unguwarmu a Garwa ba wanda ya taɓa neman aronsa. Ashe nauyin nan ne maigadina, ni kuma na sallame shi da hannuna.

Uwargida ce ta taso da maganar, wai hayaƙi yana shiga shanyarta. "Malam, ko murhun nan ya matsa, ko ka karɓi wanki." Sai ga ni wurin mai walda. Ya samo tayoyin tsohon baro biyu, ya zura musu sandar ƙarfe, ya liƙa a ƙafafun baya, ya bar na gaba suna taka ƙasa su zama birki, ya sa mariƙin katako don kada hannu ya ƙone. Ya ja mini kunne kada taya ta kusanci garwashi. Maganar maƙwabta kuwa, ko tari bai yi ba.

Kwana biyu tsakani yaro ya yi sallama: "Wai in ji Baba, a ba shi aron motar nama, yanzu-yanzu za a dawo da ita." Kun dai san yanzu-yanzun mai aro, ba ta ɗaura agogo. Daga suna murhu ya wuce walimar saukar karatu, daga can ya raka amarya. A wajenmu, in abu ya zaga gida uku ya zama na al'umma, mai shi kuma in ya tambaya, shi ne marowaci. Na daure na je biko. Muka yi gaisuwa da Hausa, muka sake ta da Fillanci, aka tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, aka kawo shayi. Can na ce, "Alhaji, murhun nan fa?" Ya ce, "Af, ai yana gidan ƙanin matar yayana." Na tashi ina godiya, har yau ban san ta mece ce ba.

Wani ya ce ya hango shi kusa da filin Rumde Ajiya ranar wasan Coton Sport, ana sayar da soya a kansa. Ni da ban taɓa shiga kallon ƙwallo ba, murhuna ya riga ni.

Ranar Lahadi na je kasuwar Pitowa duba farashin rago. Kilomita kusan 15 daga Garwa, sai na ji kukan tayar da na sani. Ga shi nan, wani saurayi yana juya tsire, mutane sun yi layi. Na ce, "Samari, murhun nan nawa ne." Ya washe baki: "Baffa, ashe kai ne mai shi? Allah ya saka da alheri! Tayar hagu tana kuka, a taimaka a gyara mana kafin Sallah." Ya naɗe mini tsiren sefa 500, ya karɓi kuɗinsa cif, ya ƙara mini yaji gyara.

Babbar Sallah ta ƙarato. Duk wanda murhun yake hannunsa, don Allah ya ara mini na kwana biyu, yanzu-yanzu zan dawo da shi.