Ɗabaƙoƙin Masu Jawabi a Ƙasar Kurfai

Malaman balaga sun daɗe da ittifaƙi a kan cewa magana ba ta amsa sunan fasaha sai ta dace da halin wanda ake yi wa ita, kuma duk almajirin da ya ɗan zauna gaban malami ya ji cewa jawabin da ake nufin ilmantarwa da shi yana da rukunai kamar yadda ibada take da su: a tsai da maudu'i guda, a tara hujjojinsa, a jera su bi da bi, sa'an nan a yi shiru tun jama'a ba ta fara duban inuwa ba. Sai dai mu nan Filinge ta ƙasar Kurfai, da Allah ya ajiye mu cikin kwarin Dallol Boso, tafiyar wajen kilomita 180 daga Yamai, tun zamanin ƙungiyoyin sauraren rediyo da aka kafa a 1962, har zamanin Samariya ta Seyni Kunce, ɗan Fandu nan kudu da mu, wanda ya riƙe ƙasa daga 1974 zuwa 1987, har zuwa wannan zamani na masu farar mota da kuɗin zama, ba a taɓa barinmu mu huta da taron wayar da kai ba. Saboda haka muka san masu jawabi ɗabaƙa ɗabaƙa, sanin da tabarma da zafin bazara suka koya mana.

Shugabansu duka, wanda ban iya ambatonsa ba tare da wata irin ƙauna mai haɗe da ciwon baya ba, shi ne Mai Muƙaddima. An gayyace shi ne ya bayyana wa makiyaya ranar da za a yi wa shanu allurar rigakafi da wurin da za a kai su, al'amarin da yaro ɗan aike zai isar cikin numfashi biyu. Yakan miƙe a hankali, ya gyara hannun babbar riga, ya ƙwanƙwasa makirfo da yatsa, ya hura masa iska har lasifika ta yi kukan da zai tashi jakunan da ke ɗaure a gindin gawo, sa'an nan ya buɗe da basmala da hamdala da salati, waɗanda babu Musulmin da zai yi ƙorafi a kansu. Daga nan ne musiba take somawa. Sai ya gai da mai girma kantoma, ya gai da wakilinsa da ke zaune dab da shi, ya ce Allah ya ja zamanin Mayaƙi, ya ɗauko tarihin sarautar Kurfai tun daga kakanni ya gangaro da ita, ya gai da magajin gari da liman da na'ibi da ladan, ya bi masu gari ɗaya bayan ɗaya, na Shikal da na Tukunus da waɗanda suka zo daga Bonkuku, kuma idan ya tsallake wani aka yi masa raɗa, ba ya wadatuwa da ya ƙara sunan, sai ya koma farko kamar mai gyaran karatu. Ya gai da iyayenmu mata, ya gai da matasa manyan gobe, ya gai da wanda ya ba da aron kujeru. Duk wannan lokaci makiyayin da ya bar garke a hannun ƙaramin yaro yana tsugune a gefe, ya dogara haɓa bisa sanda, yana jiran kalmomi biyu kacal, wato rana da wuri. Sa'ad da Mai Muƙaddima ya kai ga “amma ba'adu”, wadda a huɗubar mutanen kirki take zuwa da wuri, ladan ya riga ya fara gyaran murya don kiran azahar, sai ya nemi afuwa saboda ƙurewar lokaci, ya ce sauran bayani za a ji shi wurin masu gari. Masu gari kuwa ba su ji komai ba sai sunayensu, kuma, in za a faɗi gaskiya, sun tashi cike da farin ciki. Na taɓa tambayar wani dattijo a ƙofar taro abin da aka ce, ya ce mini, “Wallahi, ɗana, an gaishe mu ƙwarai.”

Mai bi masa a daraja shi ne Mai Takarda, wanda aka rubuto masa jawabi da Faransanci daga wani ofis a Yamai, bai kuma buɗe shi ba sai a gaban jama'a; yana karatu da yatsa bisa layi, idonsa bai taɓa haɗuwa da na kowa ba, in iska ta ɗauke masa shafi na uku sai ya zarce na huɗu ba tare da shi ko mu mun lura da wani giɓi ba. Ba a ganinsa sai da abokin tafiyarsa, Tafinta, shi ma iri biyu ne. Akwai mai rowa, wanda bayan minti goma na Faransanci zai juyo ya ce, “Ya ce ku yi haƙuri, kuma ku ba da haɗin kai.” Akwai kuma mai sharhi da hashiya, wanda jimla guda takan haifi goma a bakinsa, har ya shigar da tsohuwar rigimarsa ta iyakar gona cikin saƙon gwamnati. In aka tuna cewa a taronmu akwai mai jin Hausa, da mai jin Zabarmanci, da Buzu mai Tamajak, da Bafillace, to, jawabin yakan isa sahun ƙarshe da isnadi mai tsawo da matani mai rauni.

Sauran ba su cancanci dogon bayani ba. Mai Alƙaluma yana zuba wa tsofaffi kaso kaza cikin ɗari da ɗigo kaza, alhali da ya ce buhu nawa, ko tiya nawa, ko jika nawa, da kowa ya gane. Mai Majigi ya shirya komai cikin kwamfuta, sai wuta ta ɗauke, ilminsa ya bi ta. Mai Ratse ya fara da maganar rijiya, ya faɗa fari na 1984, daga can ya wuce aikin hajjinsa, ba a sake ganinsa a bakin rijiyar ba. Akwai kuma Mai “A Taƙaice”, wanda yake furta wannan kalma ya ga fuskoki sun washe, sai daɗin hakan ya sa ya ƙara rabin sa'a don ya sake furta ta. Wannan ɗabaƙa ina rangwanta mata hukunci, domin mutanen gidanmu suna da wani ra'ayi game da ni wanda ban ga dalilin kawo shi nan ba.

Kada a ce ƙasar Kurfai ba ta haifi gwani ba. Mafi tsarin jawabin da na taɓa ji wata dattijuwa ce ta yi shi a inuwar darbejiya, ba makirfo ba takarda, tana koya wa mata ajiyar wake cikin buhun nan mai ninki uku. Ta yi sallama, ta ɗebo wake mai huji a tafin hannu ta zagaya da shi kowa ya gani, ta ce abu uku za ta faɗa. Na farko, a shanya wake ya bushe sarai. Na biyu, a duba ledojin ciki guda biyu, a tabbata babu huda ko ta ƙaya. Na uku, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, domin rashin iskar ne ke kashe ƙwaro, ba wani magani ba. Ta sa wata yarinya ta ɗaure a gaban idonsu, sa'an nan ta dubi wata daga cikin matan ta ce, “Inna, maimaita mini na biyu,” Inna ta maimaita, aka watse. Muƙaddima da jiki da kammalawa duk sun samu, ga hujja a tafin hannu, kuma babu wadda tuwonta ya ƙone.

Duk ɗabaƙoƙin da na lissafa a baya lokacinmu kawai suke ci, lokaci kuwa mun saba yafe shi. Akwai guda ɗaya da ba na yi masa dariya, shi ne Mai Fatawa Ba Ilmi, wanda aka aiko ya yi bayani a kan abin da bai nazarta ba, kuma girman kai ya hana shi furta “ban sani ba”. Na gan shi da idona, wani saurayi mai ɗaure da agogo da wani shiri ya turo, manomi ya tashi cikin ladabi ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙwayar nan da ake sa wa hatsi don ƙwari, guda nawa ake sa wa buhu, kuma a ina za a ajiye buhun?” Sai ya dubi sama, ya tsinko wani adadi daga cikin iska, ya ce a ajiye ko'ina ma ba laifi, alhali ƙwayar nan guba take fitarwa cikin iska, kuma tana iya halaka mutum in aka rufe ta cikin ɗakin da ake kwana. Manomin nan ya yi godiya, ya tafi da maganar a matsayin ilmi, domin daga bakin ɗan boko ta fito, ta cikin lasifika, a gaban sarakuna. Imamu Malik, wanda muke bin mazhabarsa, ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, kuma an ruwaito cewa an taɓa yi masa tambayoyi 48 ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, ga shi kuwa malamin Madina ne da ake yi wa tafiyar watanni. Wannan yaro da ya kwana biyu a wani horo ya fi ƙarfin abin da Malik bai fi ƙarfinsa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dalilinsa: ya ɗauka talakan ƙauye ba zai gane ba, kuma shi kafin magariba ya kama hanyar Balleyara zuwa Yamai, ba zai kwana a ɗakin ba.

Saboda haka ina roƙon masu kiran taro, daga fada har ofisoshi, su bar mana Mai Muƙaddima da gaisuwarsa, sai dai a sa wani yaro ya faɗi rana da wuri kafin a miƙa masa makirfo. Amma wanda za ku aiko ya yi mana maganar magani ko allura ko guba, ku zaunar da shi tukuna ku yi masa tambayoyin da manomi zai yi masa. In ya amsa duka ba tare da ya ce zai je ya bincika ko sau ɗaya ba, ku bar shi a Yamai.