Kasuwar Da Ake Zuwa Don Yawo

Edina, Minnesota, Amurka

Taubashina, bawana,

A gaida Inna da Kawu da amarya da yara. Maganar filin nan ku yi yadda muka ce. Kuɗin makaranta sun tafi tun Talata. Na ji an yi suna, Allah ya raya. To, na sallami gida, sai ka gyara zama, yau da labari na zo.

Kusa da asibitin da nake aiki akwai wata kasuwa mai suna Southdale Center. Edina gari ne a bakin birnin Minneapolis, kamar dai yadda Kwannawa take a bakin Sakkwato. Mutanen nan suna ji da kasuwar tasu, don ita ce ta farko a Amurka da aka rufe ruf da rufi ɗaya, aka sa mata na'urar ɗumi da ta sanyi. An buɗe ta ranar 8 ga Oktoban 1956, Nijeriya ma ba ta sami 'yancin kai ba. Iyalan Dayton, manyan 'yan kasuwar garin, su suka gina ta da dala miliyan 20, shaguna 72, hawa biyu. A tsakiya aka yi lambu da tafkin kifi da ƙaton kejin tsuntsaye. Waje sanyi na iya kai digiri 20 ƙasa da sifili, ciki kuwa digiri 24 ko da yaushe. Ka tuna da wannan in bazara ta kama, rana ta haura digiri 40, kana fifita da murfin kwali a bakin shago.

'Yan hayar kasuwar kuwa ba su san zaman wuri ɗaya ba. Babban shagon Dayton's ya koma Marshall Field's a 2001, ya sake komawa Macy's a 2006. Shago ɗaya suna uku, ko bazawarar unguwarku ba ta sauya gida haka ba. Kishiyarsa Donaldson's ya zama Carson Pirie Scott a 1987, ya zama Mervyn's a 1995, a 2004 aka yi masa sutura. JCPenney ya zo a 1972 ya tattara a 2017. Ka san me aka gina a gurbinsa? Gidan motsa jiki, Life Time, inda mutum zai biya kuɗinsa ya ɗaga ƙarfe ya ajiye, ya kuma ɗagawa. Ka gaya wa 'yan dakon Kasuwar Daji su zo, nan mai ɗaukar kaya shi ke biya.

Duk wannan somin taɓi ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsofaffin garin nan. Da sassafe, tun shaguna na kulle, ana buɗe ƙofofin kasuwa. Sai ka ga tsofaffi maza da mata sun shigo da fararen takalman kambas, sun rataye rigunan sanyi, sun kama zagaye. Ba jaka, ba kwando, ba taro ba sisi. Gwiwar hannu na sama na ƙasa, fuska a ɗaure kamar masu bin bashi. Ranar da na fara ganinsu tausayi ya kama ni, na tari wani dattijo na ce, “Baba, me ya ɓace in taya ku nema?” Ya nuna mini agogon hannunsa ya ce taku yake ƙirgawa, dubu goma yake nema kafin ya karya. Waje ƙanƙara ta rufe hanya, tsoho in ya zame ya karye, shi ya sa suka mai da kasuwa filin yawo.

Don Allah kwatanta mini wannan a Babbar Kasuwar Sakkwato. Dattijo ya shigo ya bi layin 'yan atamfa, ya fita ta 'yan takalma, ya dawo. Zagayen farko za a ce, “Alhaji, me ake nema? Shigo daga ciki.” Na biyu dillali ya manne masa. Na uku mai shago ya tura yaro ya duba aljihun tebur. Na huɗu 'yan banga sun biyo baya. Na biyar an aika gidansu a tambaya ko lafiya. Na shida an nemo malami da tofi a kwano. Kafin na bakwai yana gaban Sarkin Kasuwa yana bayani, kuma wallahi sai ya fita da turmin atamfa biyu da bai yi niyyar saye ba. Nan kuwa mutum zai yi shekara goma yana wuce ƙofar shago ɗaya, ba wanda zai ce masa ko “zo ka taya.” Tayin ma babu. Kuɗin kaya na manne a jikinsu, ba albarka, ba “sallama mini,” ba gyara.

Da Gwaggo za ta samu biza, da gidanmu ya ci kofi. Matar da ke tasowa a ƙasa daga Mabera har Kasuwar Daji saboda an ce albasa ta sauka da naira hamsin, ta je ta tarar ba ta sauka ba, ta dawo ba ta saya ba! Agogon nan in aka ɗaura mata, kafin azahar zai yi hayaƙi. Kai kuwa, bawana, da kake hawa kabu-kabu zuwa masallacin da ke tsallaken titi, naka agogon sai ya aika wa likita cewa mai shi ya rasu.

Amma ka ji wani abu. Wanda ya zana kasuwar, Victor Gruen, Bayahude ne ɗan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ya gudo Amurka a 1938 da 'yan Nazi suka mamaye ƙasarsu. Baƙo ne da ya yi kewar dandalin garinsu, inda ake haɗuwa a gaisa a zauna. Ya so a kewaye kasuwar da gidaje da makarantu da wuraren shan iska, ta zama gari guda. Aka ɗauki shagunan, aka kewaye su da filin ajiye motoci. Kafin ya rasu a 1980 ya fito fili ya barranta da irin kasuwannin da aka yi ta kwaikwaya daga tasa. Ni na gane ciwon mutumin nan. Ka tuna gobarar Babbar Kasuwa ta Janairun 2021? Shagon Kawu ya ƙone ƙurmus, amma kwana uku yana kan benci a bakin toka, mutane na zuwa jaje, ana kawo fura. Rufi ne ya ƙone, kasuwarsa tana nan.

Tsofaffin nan ma na lura, in sun gama zagaye sai su haɗa tebura su sha gahawa, su ƙirga wanda bai zo ba. Yawancinsu gida ba kowa, yara sun watse wasu jihohi. Ashe takun dalili ne kawai. Yanzu in na tashi aikin dare nakan shiga sahunsu. Na yi mako guda ban je ba saboda mura, da na koma wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce ina na shiga. Wata takwas ke nan rabon da wani ya yi cigiyata a ƙasar nan.

In ina zagayen, ƙafata na Edina, zuciyata na bin hanya daga Gawon Nama, in ratsa kasuwa, in gangara Hubbare, in tsaya ƙofar gida in ji Inna tana yi maka faɗa.

Saboda haka ga aike. Gobe da hantsi ka shiga kasuwa, ka tsaya layin Kawu, ka naɗo mini hayaniyar wurin minti biyar ta WhatsApp: masu baro, masu ciniki, mai kiran fura, duka. Ita zan sa a kunne in ina zagaye. Kuma a ƙasa za ka je, bawana, zan tambayi Gwaggo.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Amurka