Zuwa ga Hajiya Takardar Izinin Gini



Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali, wato su Fom da Rasit da yayarki Takardar Mallaka, ina fatan kina lafiya a durowar da kike zaune. Ni dai ban taɓa ganinki ido da ido ba. Labarinki nake ji kamar yadda muke jin labarin giwayen dajin Kamuku muna yara: kowa ya rantse suna nan, amma wanda ya gani sai an tona.

Abin da ya sa na ɗauki biro, ɗaki ne. Ɗaya tak. Babban ɗana zai yi aure bayan Babbar Salla, na ga akwai ɗan fili tsakanin rumbu da turken awaki, na kira birkila, ya auna da ƙafa, muka yi ciniki. Har an sauke yashi, sai ga ƙanena da ya yi karatu a Zariya, ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Yaya, ina izini?" Na ce na tambayi Inna, ta ce Allah ya sa albarka. Ya ce ba wannan ba.

Shi ya zaunar da ni ya karanta mini asalinki. Ya ce tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, ashe gidan da kakana ya share wa fili da gatarinsa ma zaman amana muke yi a ciki. Ya ce an yi dokar tsara birane a 1992, aka ƙara da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. A jiharmu ta Kaduna kuma KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KASUPDA ke duba zanen gini ta ba da ke. Kafin ki fito, sai an kai shaidar mallakar fili, da awon safiyo, da zane daga hannun ƙwararre mai lasisi. Na ce duk don ɗaki ciki ɗaya? Ya ce ko taga za ka mayar ƙofa, gara ka tambaya.

To, ranki ya daɗe, ga inda muka saɓa. Ke gidan da kika sani shi ne wanda aka gama a takarda tun ba a haƙa tushe ba. Namu ba ya gamuwa. Gidan Bahaushe da zaure yake farawa da ɗaki biyu, sauran kuma haihuwa ce ke zana shi. Yaro ya tasa, a yi masa shago a bakin ƙofa. An ƙara aure, a ja katanga. Gwaggo ta dawo zawarci, a yanki madafi. Wane mai zane ne zai hango ranar da Gwaggo za ta dawo? Ita kanta ba ta sani ba sai da yamma.

Kuma a shekarun nan ba haihuwa kaɗai ke faɗaɗa gidajenmu ba. Lokacin da daji ya yi zafi, mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa cikin gari da tabarma a ka, babu gidan da bai karɓi baƙi ba. An yi ɗaki da zana, an yi da buhu, an yi da tsohon kwano. A lokacin, hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ba hanyar da mutum zai bi don neman hatimi ba ce. Su kuwa waɗanda suka kore mu daga gonaki, sun kafa sansani a cikin dajin Kamuku da tun 1999 yake gandun gwamnatin tarayya, ban kuma ji an ce sun kai zane ba. Ban ji an shafa wa bukkarsu jan fenti ba. Da alama jan fenti ma ya san inda dare ke yi masa.

Kada ki ce na raina ki. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara ba tare da ke ba, amma shi gwani ne, birkilana kuwa bara waccan acaɓa yake yi. Na ga abin da rashinki ke jawowa a unguwarmu ta awon igiya. Wani ya haƙa masai taku biyar daga rijiyar maƙwabcinsa, yara suka yi ta gudawa ana cewa iska ce. Wani ya ci lungu da katanga har makara ba ta wucewa sai an karkata ta. Wani ya ɗora bene a kan bulon da aka buga sittin a buhun siminti guda. Ni kaina indararon maƙwabcina a tsakar gidana yake zuba, shekara tara ke nan muna gaisawa sama-sama duk damina. Da kina kusa, da ke zan kai wa ƙara, mai unguwa ya huta.

Saboda haka roƙona, ki riƙa fitowa shan iska. Tun ƙarshen 2024 da aka yi sulhu da waɗanda suka kore mu, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suna zirga-zirga. Ki zo da kuɗin da talaka zai iya biya, da zane mai sauƙi na ɗaki ɗaya, da wanda zai yi mana bayani da Hausa.

Sai dai ki hanzarta, don akwai hukumar da ta riga ki. Shekaranjiya gwaggonnin amarya suka zo su huɗu da igiya, suka auna ɗakin da ba a gina ba, suka ce gado da kabet ba za su shiga ba. Sun ba da umarni a ƙara ƙafa uku ta gabas, a tashi awaki, a kuma gama kafin ranar jere. Ba su karɓi ko sisi ba, ɗaukaka ƙara kuma babu.

Naki mai biyayya,
Wani maigida a Birnin Gwari