Taubashi, Jinin Na Uwarsa Ne

Taubashi, bawana! Labari ya riga ka isowa Tawa: wai ɗanka ya zo na ɗaya a ajinsu na sankiyem da moyen 17 bisa 20, kuma tun ranar ba wanda ya sha shayi cikin kwanciyar hankali a Kalfu. Takardar sakamakon har ta yi laushi a aljihunka don yawan fiddawa. An ce har mai awon hatsi ka tsayar ka nuna wa, kuma a juye ka riƙe ta. Kana ta faɗin "jini ne". Jini ne kam, amma na uwarsa. Ni da kai benci ɗaya muka zauna a lakwal, kuma ban manta ranar da mushe ya tambaye ka bakwai sau takwas ka ce sai ka je gida ka yi shawara ba.

Na ji kuma ka yi rantsuwa a gaban mutane cewa Prytanée za ka kai shi, makarantar sojan nan ta yara da aka buɗe a Yamai a 1996. Sannu da ƙoƙari. Ita wannan daga ƙarshen firamare take ɗauka, a yi gasa a shiga sizyem, ka ga ƙofar ta rufe tun kana Abijan kana aiko da hoto cikin tabarau. Saura Lycée d'Excellence, ita ma a Yamai, fiye da kilomita 500 daga inda kake zaune, kuma ba ta duban kowa sai ya ci BEPC, sa'annan ya kara da zaƙaƙuran jihohi takwas. Tsakanin yau da ranar nan akwai katiriyem, akwai turwaziyem. Me ka tanada masa a cikinsu? Nan ne bakinka ke mutuwa, kuma gaskiya ba naka kaɗai ba, har da namu duka.

Ka taɓa tambayar yaron yadda yake wuni a aji? Mushe ya ba da lissafi, shi ya gama kafin na bayansa ya gama jan layi, sai ya zauna yana kallon rufi. Malamin ba mugu ba ne. Ɗan kwantiragi ne da aka tara wa yara fiye da ƙarfinsa, wani ajin ma na kara ne, ba a kafa shi sai an gama girbi, ga manhaja tana jira a ƙare ta kafin damina. Dole ya tafi da saurin na tsakiya. To, don kada mai kaifin ya dame shi, sai ya miƙa masa alli ya kwafe darasi a allo, ko ya ce ya rubuta sunayen masu surutu. An aika yaro neman ilimi, an naɗa shi ɗan sandan aji.

Kai kuma maganin da ka gano shi ne kur. Ka ɗauki malami da la'asar, wani bayan isha, suna maimaita masa abin da ya gane tun da hantsi, kai kana biya kana jin daɗi don maƙwabta sun ga babur a ƙofar gida. Ranar Asabar ka zaunar da shi kanti yana rubuta bashi, wai lissafi ne a aikace. Lissafin da ya koya a nan shi ne ubansa ya fi kowa cin bashi a littafin.

Abin haushin, mu mutanen Adar mun san aikin nan sarai, a wani fage dai muke yin sa. A Tawa aka fara gasar kokawa ta ƙasa a 1975, kuma har gobe in yaro ya fara kayar da sa'o'insa a dandali, ba wanda ke cewa ya koma ya kama wanda ya kā da jiya. Ana nemo masa wanda ya fi shi ƙashi, a kai shi ƙauyen gaba, tsohon ɗan kokawa ya gyara masa tsayuwa, a ƙara masa fura. In ya faɗi a ce madalla, yanzu ya fara koyo. Abin da ɗanka ke bukata ke nan: tambayar da za ta kā da shi. A ba shi lissafin ajin gaba, da littafin da ba a cikin manhaja yake ba, a haɗa shi lokacin hutu da irinsa na Barmu da Afala da Bambai, ya gane cewa na ɗayan Kalfu yana iya zama na tara a wani wuri. Ga jami'a nan cikin Tawa mai sunan Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar ɗin nan tamu, cike da ɗaliban da in an ba su kuɗin mota da abincin rana za su zauna da yaran nan su buɗe musu ido.

Kada ka ce mafarki nake. Kanawa, da kake cewa ba su san komai ba sai ciniki, a 1977 suka ware makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, suka riƙa tsamo yara masu kai ta hanyar jarrabawa tun suna tsakiyar sakandare, suka ba su malamai da ɗakunan gwaji. Je ka asibitocin Kano ka tambayi manyan likitoci inda suka yi karatu, ka ji sau nawa za a ce maka Dawaki.

Yanzu bari in taɓa inda ke maka ciwo. Yayarsa fa? Tana katiriyem, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta goyi ƙane, ta kawo 16, kuma uwar gidanka ta shaida mini ita ke yi wa gwanin naka bayanin abin da ya shige masa duhu. Takardarta ban ji ta yi laushi a aljihun kowa ba. Zamanin Bazum an fara gina wa ƴan mata makarantun kwana, ta Kelle a jihar Damagaram ce ta farko, don a raba su da irin wannan wahala da kuma irinku masu saurin karɓar goro. Shi kuma namijin, na san abin da ke jiransa: ranar da ƙanenka zai bugo waya daga Abijan ko Libiya ya ce yana neman yaro mai Faransanci da lissafi ya riƙe masa shago, kai ne za ka fara sayen tikiti, ka ce ai boko ba ta ƙarewa. Masu kaifin ne ake fara kwashewa cin rani, don su suka fi amfani a can.

Watan cika-ciki ina nan tafe karɓar kuɗin shara, kuma bana ba na son tsaba. Ka sayi littafin lissafi na turwaziyem da ƙamus da fitila mai aiki da hasken rana, ka aje mini. Yarinyar kuma in ta ci BEPC gidana za ta sauka a Tawa, na riga na gaya wa uwarta, ta ce to. Kai ba a nemi shawararka ba, don mun san sai ka je gida ka tambayo.