Kashin Shanu Zai Dafa Tuwo, Ku Ci Gaba da Dariya

To, masu toshe hanci, ku matso kusa. Na ji kuna cewa wai gas daga kashin shanu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce. Ba komai. Ku biyo ni Deptford, unguwar da ke bakin kogin Tems a kudu maso gabashin Landan, inda 'yan Najeriya ke sayen doya da manja.

A nan aka buɗe kasuwar shanun ƙetare a 1871, a filin da aka daɗe ana ƙera jiragen ruwan sarki. Jirage na sauke shanu daga Turai, daga baya har da Amurka da Ajantina, ana yanka su a wurin, har zuwa 1913. A wannan unguwa kuma Sebastian de Ferranti ya gina katafariyar tashar lantarki da ta kankama aiki a 1891. Ga kashi jibge, ga injin wuta a maƙwabta, amma da kwal aka yi ta hura shi. Ka ga Alhaji, ba kai ka fara raina kashi ba.

Shanu sun bar Deptford, sai mutane suka gaje su. Tashar famfo da Joseph Bazalgette ya gina a bakin rafin Deptford tana tura ruwan masai zuwa Crossness, inda kamfanin Thames Water ke ruɓar da dagwalon, ya tatsi gas, ya mayar da shi lantarki. Wato abin da Bature ya kai bayan gida ma bai tsira daga aikin ƙwadago ba. Saniyarka ce za ta gagara?

Dabarar ba tsafi ba ce. A kwaɓa kashi da ruwa, a zuba a rami, a rufe ruf kada iska ta shiga. Ƙwayoyin halitta su ci su ƙoshi, su fitar da gas wanda fiye da rabinsa metan ne. In aka bar metan ɗin nan ya tsere sama, ya ninka iskar kabon wajen riƙe zafi kusan sau 28 a cikin shekara 100. In ya bi bututu, murhu ya nufa.

Hajiya ta ce tuwon zai yi wari. Haba Hajiya! Harshen wutar shuɗi ne, kuma ba ya sa hawaye irin na ɗanyen icce. Manomi kuma ya ce za a cinye masa taki. Kwantar da hankalinka, abin da ya rage a ramin taki ne, ya ma riga ya ruɓe.

Baffa Bafulatani ne kaɗai ya kama ni. Ya ce wa zai bi garke daji da ƙwarya yana tara? Gaskiyarka, Baffa. Zan ma ƙara maka: yawancin metan ɗin saniya ta gyatsa yake fita, kuma ba ramin da ke kama gyatsa. Harkar ta inda kashi ke taruwa ce: gidan mai kiwon turka, mahauta, da kara irin ta Wudil da Maigatari da Potiskum.

Kanawa kam ban damu da musunsu ba. Ranar da suka ji kashi ya yi farashi, sai an sa masa maigadi a Wudil.